Abin da Ke Cin Tayar Mota: Jawabi ga Ɗalibai da Sababbin Ma'aikata

 

Kusan kowane ɗayanmu yana da burin sayen mota da zarar albashi ya fara shigowa. Idan an zo ciniki kuwa, sai a buɗe inji, a dubi fenti, a kunna rediyo, ba mai sunkuyawa ya dubi ƙafafu. Alhali kuwa duk nauyin motar da rayukan da ke cikinta a kan wurare huɗu su ke, kowanne bai fi tafin hannu ba sosai.

A shekarar 1975, lokacin da aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna, ana ƙera taya a ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008. Da wannan sai taya ta zama kayan jirgin ruwa, kuɗinta ya koma bin dala. Saboda haka wanda ya bar tayarsa ta cinye kafin lokacinta, albashinsa ya ke gogewa a kan kwalta.

To, mene ne wannan alaimen da bakanike ya ke faɗa? Watau saita ƙafafun mota ne su fuskanci inda maƙerinta ya nufa. Kusurwa uku ake dubawa. Akwai jinginar taya ciki ko waje idan ka tsaya a gaban mota ka dube ta. Akwai kwanciyar sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, wadda ita ke komo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ta ukun ita ce babbar ɓarauniya, watau ko goshin tayoyin gaba ya tsuke ko ya buɗe, kamar mai gwame.

Ku ba ni aron hankalinku mu yi ɗan lissafi. A ce tsayin taya santimita 60 ne, kuma saitin ya kauce da milimita 3 kacal, abin da ido ba zai gani ba. Milimita 3 cikin 600, ɗaya ke nan cikin 200. Ma'anarsa, duk mita 200 da motar ta yi gaba, an ja roba mita guda a kaikaice. A kilomita ɗaya mita 5. Daga Zariya zuwa Kaduna, wajen kilomita 80, an tasam ma mita 400 na gurzawa, tayoyin gaba biyu su raba tsakaninsu. Ma'aikacin da ke zuwa Kaduna ya komo kowace rana, sai ya ninka da kansa. Kuma man da inji ya ƙona wajen wannan ja, shi ma daga aljihunsa ya fito.

Mu da ke shiga Birni ba sai an gaya mana inda saiti ke ɓaci ba. Lungunan da ke bayan ganuwa an tsaga su ne tun zamanin doki da jaki. Ka shigo ta Ƙofar Doka ka ratse daga babban titi, ka yi kiciɓis da wata mota a rariyar da ba ta ɗaukar biyu, dole ɗayanku ya hau bakin lambatu. Ran Juma'a kuwa, a kewayen masallacin fada, sai ka ga an manna taya da kwalbati don neman wurin ajiya. Ga ramukan da damina ke bari, waɗanda ruwa ke rufewa ba ka san zurfinsu ba sai ka ji ƙaf! Duka guda mai ƙarfi ya isa ya lanƙwasa tayarod.

Taya kuwa ba ta ɓoye ciwonta. Idan gefe ɗaya kaɗai ya suɗe, jingina ce. Idan ka shafa tafinka a kan zanen, ka ji santsi ta wannan waje, kaifi ta wancan kamar haƙoran zarto, tsukewa ce ko buɗewa. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. Kada a bar wa mai faci ya auna da dukan ƙarfe. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci, kuma da safe a ke aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Sitiyari mai rawa idan gudu ya kai wajen kilomita 90, wannan galibi aikin balansin ne, ba alaimen ba, kada a karɓi kuɗin wannan a yi muku wancan. A ganina ma, bakaniken da ya ɗora mota a kan na'ura bai fara girgiza ƙafa ya duba tayarod da boljoyin ba, wasa ya ke yi, gama saitin da aka yi a kan sassaken ƙarfe ba ya kai Samaru.

Saura tayar gwanjo, wadda da yawanmu za mu fara da ita. Araha dai ba ta ado. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan kun ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin bazara kuma ya ƙarasa ta. Zanen da zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba ya iya korar ruwa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ran 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe motar ta wuntsila. Motar minista ke nan, balle ta mai matakin albashi na takwas.

Shugaban taro, na ga wasu yayyenmu sun ajiye motocinsu a ƙofar zauren nan. Idan sun yarda, bayan tambayoyi sai mu fita mu shafa tayoyinsu tare.