Kibiyar kabon ta tsage: kada ka ɗaure ta, ga abin da za ka koma wa

Daga Zuru nake magana kamar kullum. Yau ba siyasa za mu yi ba, ba kuma zancen neman aiki ba. Kwari da baka za mu ɗauko.

Na san wani zai ce, yanzu duk matsalolin da ke ƙasar Zuru ka rasa abin faɗa sai kibiya? Ka ɗan yi haƙuri ka saurara. Akwai matasanmu da suka fara harbin baka a matsayin wasa, wasu a YouTube suka gani, wasu a fim ɗin Ertugrul, wasu kuma a gida suka tashi suka tarar da bakan kaka a rataye. Yawancinsu kibiyar kabon suke saye ta intanet. Kibiyar nan kuwa tana da wani hali da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, kuma halin nan yana iya raba mutum da amfanin hannunsa.

Mu fara da ita kanta. Kibiyar kabon bututu ce, cikinta rami. Da siraran zaruruwan kabon ake yin ta, a jera su a haɗe da wani irin gam mai ƙarfi. A shekarun 1980 ta fara shiga gasa, kafin nan ta alminiyom ce ke tashe, wadda kamfanin Easton na Amurka ya yi suna da ita tun shekarun 1940. Kabon ba ta da nauyi, tana da gudu, kuma ba ta lanƙwashewa ta zauna a lanƙwashe. Ko dai tana miƙe sambal, ko kuma ta karye. Babu tsakiya.

To a nan matsalar take. Alminiyom idan ta bugi dutse za ta lanƙwashe, ka gani da idonka, ka ajiye ta. Kabon idan ta bugi dutse sau da yawa za ka ɗauko ta kamar babu abin da ya same ta, alhali zaruruwan ciki sun rabu. Ka ɗora a baka, ka ja, ka saki. Duk ƙarfin da bakan ya tara sai ya turo gindin kibiyar, wurin da ya tsage ya kasa ɗauka, ta fashe tun ba ta bar bakan ba. Rabin gaba ya tafi inda ya ga dama. Rabin baya kuma tsarkiya na ci gaba da tura shi, kuma me ke gabansa? Hannunka na hagu da ke riƙe da baka.

A cikin yaran da muke fita fili da su, wani ɗan shekara sha bakwai ya gamu da wannan. Allah ya taƙaita, tsakanin babban yatsa da manuni ta shige shi, ba ta kai ga babbar jijiya ba. Amma kabon ba ya karyewa kamar itace, tarwatsewa yake yi kamar tsintsiya, kowane sili kamar allura. An kai shi asibiti an cire abin da aka gani, bayan mako biyu wurin ya kumbura aka sake buɗewa. Su waɗannan silayen ba sa fitowa sosai a hoton ƙashi, shi ya sa cire su ke ba likita wahala. Yaron nan wata guda bai riƙe fartanya ba, a tsakiyar damina. Wanda ya san gidan manomi ya san abin da hakan ke nufi.

Kuma da na tambaye shi, ya san kibiyar ta bugi dutse. Ya naɗe wurin da salatif ya ci gaba. Me ya sa? Kuɗi. Guda shida yake da su, biyu sun ɓace a ciyawa, ba ya son ya rasa ta uku.

Ni ban ga laifinsa sosai ba. Ba a ƙera kibiyar kabon a Zuru, ba a ƙera ta a Birnin Kabi. Da dala ake shigo da ita. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ka ƙara kuɗin turowa daga Legas ko Abuja, ka ƙara jira. Irin wadda 'yan gasar Olamfik ke harbawa kuwa, kamar Easton X10, dozin ɗaya ɗaruruwan daloli ne. Yaron da ya tara kuɗin acaɓa ya sayi guda shida, kana ce masa ya jefar da ɗaya, ai kamar ka ce ya jefar da waya ne.

Duk da haka ga abin da zan ce, ba sassauci: kabon da ya tsage ba ya gyaruwa. Ba da sufa gulu ba, ba da zare ba, ba da salatif ba. Duk lokacin da kibiyarka ta bugi wani abu mai tauri, ko ta gogi wata kibiyar a jikin abin bara, ka gwada ta. Riƙe kai da gindi, nesa da fuskarka, ka ɗan lanƙwasa ta a hankali, ka juya, ka sake lanƙwasawa, har ka zagaye ta. Ka kasa kunne. Idan ka ji ƙas-ƙas, ta mutu. Ka ɗan murɗa ta kamar mai matse wanki, idan ta ba da kai, ta mutu. Ka duba bakin gindin inda tsarkiya ke shiga, can tsagewa ta fi ɓuya. Kada ka shafa ta da yatsa tsirara, ka bi ta da auduga, in akwai sili zai kama. Wadda ta mutu kuma ka karya ta biyu cikin tsumma ka binne, don kada ƙaninka ya tsince ta a bola ya ɗora a bakansa.

Hanya ɗaya ce tak ake ceton wani abu. Idan can bakin gaba ne kawai ya fashe, sauran jikin ya ci gwaji, ana iya yanke wurin da 'yar tazara a mayar da tsinin. Amma da injin yanka mai gudu ake yi, zarto yana ƙara tsaga ta, kuma ƙurar ba ta shaƙuwa, a rufe hanci. Sannan ka sani ta gajarce. Kibiyar da ba ta kai tsawon janka ba wani haɗarin ce, domin in ka ja har ƙarshe tsinin zai zamo ya tokari hannunka. Dole ta wuce bakan da inci ɗaya ko biyu idan ka cika ja. In ba ta kai ba, ta zama ta yaro mai gajeren hannu da ƙaramin baka.

To me za mu koma wa?

Alminiyom ta fi aminci ga mai koyo, amma ita ma da dala take zuwa. Akwai ta faiba, tana da arha da nauyi, da ita ake harbin kifi a wasu ƙasashe, sai dai in ta tsufa ita ma tana fitar da sili. Akwai masu zuwa wurin kafinta a fere musu katako. Wannan ina tsoronsa, domin in jijiyar itacen ba ta bi tsawon sandar daga farko har ƙarshe ba, a karkace zai karye, da kaifi kamar wuƙa.

Ni abin da nake so mu duba shi ne kyauro.

Wasu ma ba su taɓa jin sunan ba. Kyauro ciyawa ce mai tsawo da ke fitowa a fadama da bakin rafi, karanta siriri mai gaɓa-gaɓa. Da shi Bahaushe ke yin jikin kibiya tun kaka da kakanni, har sunan ya zama sunan jikin kibiyar kansa. Maƙeri ya ƙera ƙarfen da kunnuwansa, a cusa a kara, a naɗe da jijiya, maharbi ya shafa dafin da aka haɗa da kwankwani. Galibi ko gashin tsuntsu ba a sa mata, nauyin ƙarfen gaba ne ke miƙar da ita. A Tabkin Kwatto, watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu dawakansu kaɗan ne, maharba a ƙasa su ne ƙarfinsu, kuma suka karya rundunar dawakin Yunfa Sarkin Gobir. Mu nan ƙasar Lelna, duwatsu da baka ne suka tsare kakanninmu a zamanin farautar bayi. Ko a Uhola in ka lura da kayan da ake fitowa da su, za ka ga kwari da baka ba baƙi ba ne a nan.

Kada wani ya ce wannan ci baya ne. A Japan har gobe manyan masu harbin gargajiya kibiyar gora suke ji da ita. A Koriya ana harbin gargajiya a nisan mita 145, kuma asalin kibiyarsu ta gora ce, ka kwatanta da mita 70 na Olamfik. Turkiyya ta ɗauki harbin bakanta da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake karewa a 2019, kamar yadda aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Su sun riƙe nasu sun gyara. Mu kuma muna tura kuɗi waje a kawo mana abin da zai fashe a kan dutsen bayan gari.

Ga yadda tsofaffi ke yi, da abin da za mu ƙara. A yanki kyauro ko siririyar gora da rani, lokacin da ya ƙosa, hunturu ya fi. A ɗaure su dami-dami sosai don su miƙe, a ajiye a inuwa makonni, ba a rana ba, rana na tsaga su. In sun bushe, a riƙa ɗumama wurin da ya karkace a saman garwashi, ba a harshen wuta ba, a miƙar da hannu, a riƙe har ya huce. Tsagar da tsarkiya za ta shiga a yi ta dab da gaɓa, domin gaɓar ce ke hana karan rabewa, sannan a naɗe ƙasanta da jijiya ko zaren ɗinkin takalmi a shafa gam. In bakanka mai ƙarfi ne, ka fere guntun itace mai tauri ka cusa a gindin, ka yi tsagar a jikinsa. Gaban ma haka, a naɗe inda ƙarfe ya shiga. Wurin maƙeri kuwa ka ce masa na wasa kake so: gajere, marar kunne, babu zancen dafi. In kana son gashi, na zabo ko talotalo ya isa, amma duk gashin kibiya ɗaya su fito daga fiffike ɗaya, kada ka haɗa na dama da na hagu.

Abin da kabon ya fi mu shi ne dozin ɗaya duk halinsu ɗaya. Wannan ma ana iya kusantarsa. Lambar nan da kuke gani a jikin kabon, 400, 500, 600, ba sihiri ba ce. Ana ɗora sandar a kan maki biyu masu tazarar inci 28, wato santimita 71, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lotsa. In ta lotsa rabin inci, ita ce 500. Ƙaramar lamba, sanda mai tauri. To ka kafa ƙusa biyu a jikin katako, ka zuba ruwa a gora ka rataya, ka riƙa jan layi da biro inda kowane kara ya tsaya. Ba sai lambarka ta yi daidai da ta kamfani ba. Nauyi ɗaya, tazara ɗaya, waɗanda suka tsaya a layi ɗaya su ne 'yan kwari ɗaya.

Sai nauyi. Masu bakan gargajiya suna lissafin kusan rabin giram zuwa giram 0.65 ga kowane fam na ƙarfin baka. Bakan fam 40, wato wajen kilo 18, yana son kibiya mai giram 21 zuwa 26. In ta cika rashin nauyi, ƙarfin da ya kamata ta ɗauke sai ya koma jikin bakan, kamar ka saki tsarkiya babu kibiya, a hankali bakan ya tsage. Kyauro ba shi da nauyi, don haka ku auna. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinare ya wadatar, mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Gaskiya guda: kyauro ma yana karyewa, ya ma fi kabon saurin karyewa, kuma tsagagge in aka harba shi ma yana huda hannu. Gwajin nan na lanƙwasawa ya hau kansa. Bambancin shi ne tsagewarsa tana fitowa fili, kuma jefar da shi ba ya sa ka kwana da baƙin ciki. Ka zare ƙarfen ka mayar a sabon kara. Wanda ke da talatin a ɗaki ba zai naɗe ɗaya da salatif ba.

Yawancin karyewar ma daga wurin da muke harbi ne. Zuru ƙasar duwatsu ce, ka kuskure bara sai dutse. Ku cika buhu da tsumma ko ledar fiya wata, ku danna sosai, ku rataya tsohon bargo sako-sako a bayansa, ku zaɓi wuri mai yashi. Kowa ya sa fata a hannun baka.

Abu na ƙarshe mai nauyi ne. A halin da muke ciki, saurayi da kwari a kafaɗa a bayan gari ba kowa zai ɗauke shi ɗan wasa ba. Kafin ku fara, ku je wurin mai unguwa, ku sanar da 'yan sanda, a san filinku da lokacinku. Kuma kada wanda ya ji na ambaci Tabkin Kwatto ya ɗauka ina cewa a tari 'yan bindiga da kibiya. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da mutum 60, kusan kowa a masarautar nan ya san gidan da aka yi wannan makoki. Wasa nake magana, da sana'a.

Masu ɗaura kibiya da suka rage a ƙauyukanmu yawancinsu dattawa ne. In akwai a garinku, ku je da goro, ku durƙusa ku ce Baba a nuna mana, ku nemi izini ku ɗauki bidiyo. Ku tambaye shi a wace fadama yake yankan kyauronsa, da wane wata, domin wannan ba ya YouTube. Mu namu za mu yanka da zarar hunturu ya kama. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu.