Bayan Hari, Wa Ake Tuhuma? Gwamnati da Bakin 'Yan Jarida a Arewacin Kaduna

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Abin da na zo da shi guda ɗaya ne. Daga 2021 zuwa yau, sau da yawa idan aka kai babban hari a ƙasar nan, hukuma ta fi saurin juyowa kan wanda ya ba da labarin harin a kan wanda ya kai shi, kuma alƙaluman da gwamnati ta fitar da hannunta ba su nuna cewa wannan hanya ta ceci ran kowa ba. Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan muna da ruwa da tsaki a maganar, domin ƙauyen da ba shi da ɗa a Abuja, ba shi da babban mutum a Kaduna, rediyo ne kaɗai ke kai kukansa inda za a ji.

Mu bi ranakun a jere, domin jerin nasu shi ne hujjata. A 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris. A Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield, daga baya aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka sace. A Yuni aka kai hari Kwalejin Nuhu Bamalli, nan kusa da mu a Zariya. Ranar 5 ga Yuli aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Kwana biyu kacal bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta aika wa gidajen rediyo da talabijin takarda tana jan kunnensu kan shirye-shiryen sharhin jaridu da na al'amuran yau da kullum. Ta ce kada a kambama ayyukan 'yan ta'adda da 'yan bindiga, wannan kowa ya yarda da shi. Amma ta ƙara da cewa kada a riƙa ba da cikakken bayani kan matsalolin tsaro ko kan waɗanda abin ya shafa. Iyaye suna zaune a harabar makaranta suna kuka, hukuma kuma tana cewa a rage ambaton 'ya'yansu. A daidai wannan lokaci Twitter na rufe a Najeriya tun farkon Yuni, ba a buɗe ta ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma a Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa doka.

Shekarar 2022 ta fi fito da abin fili. Ranar 28 ga Maris aka tayar da bam a kan layin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, aka kashe aƙalla mutum takwas, aka tafi da sama da 60. Ranar 5 ga Yuli aka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni sama da 800 suka tsere, cikinsu har da gomman waɗanda ake tsare da su kan zargin Boko Haram. A ƙarshen wannan wata aka saki bidiyon da ke nuna ana zane fasinjojin jirgin da bulala a cikin daji. Ranar 25 ga Yuli BBC ta fitar da shirinta na bincike kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara. Kwana uku bayan haka Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya tara 'yan jarida ya ce BBC da Trust TV sun ɗaukaka ta'addanci kuma za su ɗanɗana kuɗarsu, yana mai cewa kafofin yaɗa labarai su ne iskar da 'yan ta'adda ke shaƙa. Ranar 3 ga Agusta NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan wani shiri da tashar ta nuna tun watan Maris, ta kuma ci tarar kamfanin DStv da TSTV da Startimes miliyan biyar-biyar saboda sun ɗauko shirin BBC. Daga barazanar minista zuwa cin tara, kwana shida. Fasinjoji 23 na ƙarshe kuwa ba su fito daga daji ba sai farkon Oktoba, bayan fiye da wata shida.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi magana a shirin na BBC shi ne Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga duk wanda ya taimaka aka kama shi tun 2020. Kwana tara kafin a saki shirin, ranar 16 ga Yuli, an naɗa masa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, da rana tsaka, a bainar jama'a. Ya zo, an yi biki, ya koma. Sai da jama'a suka yi ca a kafofin yaɗa labarai sannan aka dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Wato kuɗin da aka ɗora wa tashar da ta yi bincike kan 'yan bindiga daidai yake da kuɗin da aka sa a kan wannan mutum da aka kasa kamawa yana zaune a tsakiyar gari. Hausawa sun daɗe da sanin sunan irin wannan aiki: an bar jaki ana dukan taiki.

To, mu tambayi alƙaluma. Gwamnatin Jihar Kaduna, ta hannun Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ƙarƙashin Kwamishina na lokacin, Samuel Aruwan, ta riƙa fitar da rahoton tsaro duk wata uku da kuma na shekara. A 2020 rahoton ya ce an kashe mutum 937, an sace 1,972. A 2021, shekarar takardar NBC da rufe Twitter, an kashe 1,192, an sace 3,348. A wannan shekarar ne kuma aka ɗauke sabis na waya a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako a ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari da Igabi. Mako kaɗan bayan dawo da sabis, a Disamba, aka kashe mutum 38 a Kauran Fawa da Marke da Ruheya a Giwa. A 2022, shekarar tarar miliyan biyar-biyar, an kashe 1,052, an sace 4,227. Waɗanda aka sace sun ninka fiye da sau biyu cikin shekara biyu, a daidai lokacin da aka fi matsa wa gidajen rediyo da talabijin lamba. Ba na cewa matsin ne ya haifar da satar mutane. Ina cewa wanda ya ce rufe bakin ɗan jarida zai raunana ɗan bindiga shi ya kamata ya kawo hujja, kuma har yau bai kawo ko guda ba. Ɗan bindiga ba ya jiran labaran ƙarfe shida kafin ya san wanda ya sayar da rake ko masara. Infoma ke gaya masa, kuma infoma ba ya aiki a gidan rediyo.

Waɗannan rahotanni na Kaduna ma su kansu sun ƙaryata hujjar NBC. Gwamnatin jiha ta ambaci sunayen ƙauyuka, da adadin maza da mata da yara, wani lokaci har da sunayen mamata, kuma babu wanda ya ce ta taimaki 'yan ta'adda. Aiki ne da ya cancanci yabo. Me ya sa abin da ya halatta a bakin kwamishina zai zama laifi a bakin mai gabatar da shiri? Amsar da na gani ita ce ba labarin ake tsoro ba, sharhin da ke biyo bayansa ake gudu, wato tambayar wa ya yi sakaci, an kira waya ƙarfe nawa, jami'an tsaro suka iso ƙarfe nawa. A wannan jihar dai aka kama ɗan jarida Luka Binniyat a Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kisan mutum 38 a Madamai ta ƙaramar hukumar Kaura, aka tuhume shi da dokar laifukan intanet, ya yi kusan wata uku a tsare. Rahoton nasa ya jingina wa wani sanata kalaman da sanatan ya musanta, kuma wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin neman diyya a kotu. Amma tsakanin ƙarar ɓata suna da kulle mutum wata uku akwai tazara mai nisa, kuma duk wakilin da ke aiko da rahoto daga ƙauye ya fahimci saƙon.

Bari in dawo gida. Ranar Juma'a 1 ga Satumban 2023, 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara, suka buɗe wuta a masallaci ana sallar isha'i. Mutum bakwai suka rasu a wannan dare, cikinsu har da shugaban 'yan banga na garin. Ikara ba Birnin Gwari ba ce. Yankinmu na cikin waɗanda ake ƙirgawa a matsayin masu sauƙin matsala, kuma wannan suna shi kansa haɗari ne, domin inda aka ce lafiya lau ba a tura ƙarin jami'ai. Duniya ta san Saya-Saya ne saboda mutanen gari sun yi magana da 'yan jarida, 'yan jarida kuma suka ambaci sunan garin da adadin gawarwaki. Manomi a Taba ko Hunkuyi da ke rataye da rediyo a gonar rake yana buƙatar wannan cikakken bayani da NBC ta ce a ɓoye: wace hanya aka tare, da wane lokaci, babura nawa. Da shi zai san ko zai kai kaya kasuwa gobe, ko zai bar 'yarsa ta koma makarantar kwana. Idan rediyo ya yi shiru, ba shiru ake samu a gari ba. Saƙon murya na WhatsApp ne ke maye gurbinsa, wanda ba a san wanda ya naɗa ba, ba a san yaushe ba, kuma ba edita a kansa.

Tudun Biri ta isa shaida ita kaɗai. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Labarin ya fara fitowa ne daga bakin mutanen ƙauyen da hotunan da suka ɗauka. Sojan sama suka ce ba su ba ne, sannan sojan ƙasa suka amsa, har Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya je da kansa ya nemi afuwa. Da an bi takardar Yulin 2021 sau da ƙafa, da wa zai faɗi cewa yawancin mamatan mata ne da yara? Da wa zai tilasta a amsa?

Na san abin da jami'ai za su ce. Akwai sirrin yaƙi, kuma gaskiya ne: rahoton da Daily Trust ta buga a Janairun 2019 kan shirin sojoji na ƙwato Baga abu ne da masu sana'a za su iya saɓani a kansa, ko da yake tura sojoji su mamaye ofisoshin jaridar a Maiduguri da Abuja ba shi ne maganinsa ba. Akwai kuma kuskuren adadi: a Kuriga a Maris na 2024 an yi ta cewa an sace ɗalibai 287, waɗanda aka sako 137 ne, gwamnati ta ce su ke nan. Maganin wannan shi ne hukuma ta fito da nata lissafin da wuri, ba bayan mako biyu ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu gwada wannan hanya. Margaret Thatcher ce ta fara yayata maganar hana 'yan ta'adda iskar talla a 1985, kuma daga 1988 zuwa 1994 Birtaniya ta hana a sa muryar shugabannin Sinn Fein a rediyo da talabijin. Tashoshi suka koma ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo suna maimaita kalaman, rikicin Ireland ta Arewa kuma a teburin sulhu ya ƙare. A maƙwabciyarmu Nijar an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024 bayan rahoton wani hari a yankin Tillaberi. Hare-haren Tillaberi ba su tsaya ba.

Doka ma ba ta tare da masu cin tara. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da karɓar labari, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan gwamnati a madadin jama'a. Ranar 10 ga Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tarar kowa, domin ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba. A Janairun 2024 Mai Shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta soke tarar miliyan biyar-biyar ɗin nan ta Agustan 2022. Shekara ɗaya da rabi aka yi kafin a kai ga wannan, kuma ba kowace tasha ke da kuɗin lauya ba. Ƙaramin gidan rediyon da ke rayuwa da tallar taki da na maganin gargajiya ba zai jira hukunci ba. Zai sauke shirin kiran waya, ya sa waƙa, ya gaya wa mai sharhi ya huta tukuna. Wannan asara ba ta shiga kowane rahoton tsaro, amma mu masu sauraro mun san ta. Mun ji ta lokacin da aka dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM a farkon 2022.

Ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta riƙa fitar da rahoton tsaro duk wata uku, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har da Ikara da Makarfi da Kudan, ko da adadin ya yi kyau ko bai yi ba. Rundunar 'yan sanda ta riƙa ba da bayanin farko cikin yini guda da aukuwar hari. NBC ta janye takardar 7 ga Yulin 2021 a rubuce, yadda ta aika da ita a rubuce. 'Yan majalisarmu na mazaɓun Makarfi da Kudan da na Ikara da Kubau su tsaya kan cewa ƙorafi a kan rahoto wurinsa kotun farar hula, ba ofishin 'yan sanda ba. Ku kuma iyayenmu hakimai da dagatai, idan wakilin rediyo ya zo bayan hari, kada ku hana mutanenku magana don gudun ɓacin ran wani a sama. Ku bari su faɗi sunan garinsu, da adadin waɗanda suka rasa, da lokacin da suka kira neman agaji.