Kafin Zuƙar Farko: Abin da Ke Kai Yaro ga Tabar Wiwi



Ranar da aka kama saurayi ɗan shekara 16 da ƙullin wiwi a aljihu, abin da ke fara fita daga bakin mahaifiyarsa shi ne, "Abokai ne suka lalata min shi." Ba ƙarya ta yi ba, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai a layinsu akwai sa'o'insa da yawa, duk sun san inda ake sayar da ganyen, duk suna jin warinsa idan magariba ta yi, amma ba kowa ya je ba. Me ya sa wannan ya je? Sau da yawa amsar tana can baya, lokacin da yake ɗan shekara bakwai ko takwas, lokacin da babu wanda ya kawo wa ransa maganar shaye-shaye.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ta zarce tiramol, ta zarce kodin ɗin da aka hana a 2018. Ba daga nesa take zuwa ba, a dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu ake noma ta, shi ya sa kuɗin kashin ɗan makaranta ma kan iya sayen naɗi ɗaya.

Hujja mafi nauyi a kan tasirin ƙuruciya ta fito ne daga Amurka. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a birnin San Diego abin da suka gani suna yara: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida, ko ɗaure wani na gida a kurkuku. Da aka lissafa, waɗanda suka gamu da biyar ko fiye daga cikin waɗannan sun ninka waɗanda ba su gamu da ko ɗaya ba sau bakwai zuwa goma wajen faɗawa matsalar ƙwaya. Kuma yawan wahalar, saurin farawa.

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne. To, a 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF sun gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika 18. A nan unguwar Durumi ta Abuja kuwa ba a buƙatar takarda. Sansanin 'yan gudun hijira da ke kusa da Area 1 ya cika ne da iyalan da suka gudo daga Borno, da yawansu daga Gwoza, bayan Boko Haram ta mamaye garin a 2014. Yaron da aka goyo ko aka riƙo hannunsa a wancan gudun, yau saurayi ne. Wani ya ga gawa a hanya, wani bai sake ganin mahaifinsa ba, wani ya tashi da uwar da ke firgita cikin barci. An ba su shinkafa da barguna, Allah ya saka wa masu bayarwa, amma ƙalilan ne aka zauna da su aka tambaye su abin da ke hana su barci. Idan irin wannan yaro ya ji wani ya ce masa, "Ja kaɗan, za ka manta da komai," ba nishaɗi ya je nema ba, sauƙi ya je nema.

Kada a ɗauka wannan tambari ne a goshin 'yan sansani ko talakawa. Mafi yawan yaran da suka sha wuya ba sa zama mashaya. Kuma a manyan gidajen Maitama da Asokoro akwai yaran da suka tashi a hannun direba da mai aiki, ba su rasa komai ba sai mai sauraronsu. Su ne kasuwar nau'o'in wiwi masu tsada irin su Loud da Colorado.

Akwai wata hanya kuma da ba a cika lura da ita ba, wato aike. "Kai yaro, zo in aike ka." Sai a danƙa wa ɗan shekara tara kuɗi ya je wajen mai tebur ya sayo sigari kara biyu da ashana. Gobe a ce ya haɗo da takardar naɗi. Jibi a ce ya zagaya bayan kangon nan ya ce wa wane a ba shi saƙo, canjin kuma ya riƙe. Kafin ya gama firamare ya san farashi, ya san mai sayarwa, ya san yadda ake murza ganye a tafin hannu a cire ƙwayayen, kuma ya ga cewa wanda yake kira Yaya, wanda unguwa ke shakka, shi ke yin haka. Tsoron abin ya fita daga ransa tun bai taɓa kai shi baki ba. Babban da ke aiken yaro irin wannan aike ya ci amanarsa, ko da kawunsa ne.

Halin yaron ma yana da nasa rabo. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka girma. Waɗanda tun suna ƙanana ba sa iya haƙuri, ba sa iya jira, ba sa zama wuri ɗaya, su ne suka fi faɗawa shaye-shaye daga baya. A nan ana kiran irinsu masu ƙiriniya ko masu taurin kai, maganinsu kuma bulala. A aji a mayar da shi bencin baya, ya kasa karatu, a kira shi daƙiƙi, ya fara guduwa, daga nan ya daina zuwa. Wurin da kawai ba a zaginsa shi ne majalisar 'yan wiwi. Bulalar da aka yi nufin gyara da ita, ita ta raka shi har can.

Dalilin damuwa da shekarun farawa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin masu shan wiwi gaba ɗaya, kusan ɗaya cikin goma ne ke kamuwa har ya kasa bari. Cikin waɗanda suka fara suna samari, kusan ɗaya cikin shida ne. Masu shan mai ƙarfi kullum kuma sun fi shiga haɗarin taɓin hankali. Saboda haka ko jinkirta farawa da 'yan shekaru riba ce babba.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka kafa a 1989, tana kame da ƙona gonaki, kuma a 2021 ƙarƙashin Buba Marwa ta ƙaddamar da gangamin WADA na wayar da kai. Aiki ne mai kyau, amma jami'inta yana haɗuwa da yaro ne bayan shekara goma da fara matsalar. Ƙasar Iceland ta bi ta wata hanya: ta sa iyaye su ƙara zama da 'ya'yansu, ta hana yara yawon dare, ta zuba kuɗi a wasanni bayan makaranta. Masu shekara 15 zuwa 16 da suka taɓa shan wiwi suka ragu daga kashi 17 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 7 a 2016.

Durumi ba ta da kuɗin Iceland, amma tana da Islamiyya da coci da filin ƙwallo da dattawan layi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Abuja, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatu kyauta har ƙaramar sakandare. Haƙƙin shugabannin unguwa ne su matsa wa hukumomin birnin tarayya har kowane yaron sansani ya samu kujera a aji, da mai ba da shawara da ya san ciwon firgici. Malamai su riƙa kai rahoton yaron da ya fara fashin makaranta tun a makon farko. Masu tebur su daina miƙa wa yaro sigari ko da ya ce aiko shi aka yi. Iyaye kuma, don Allah, kowa ya san inda ɗansa yake daga la'asar zuwa isha'i, ya san sunan abokansa, ya zauna ya ji ta bakinsa tun yana ɗan shekara bakwai.