Kiyeshe: makomar yara masu hazaƙa a makarantun karkara

Jawabin da aka gabatar a gaban iyayen yara da malaman makaranta a Kiyeshe, gundumar Dogondutsi



Abin da ya tara jama'a yau shi ne zancen wasu yara ƙalilan waɗanda kowane malami ya san su, amma babu wani ofis da ya san da zamansu. Sau da yawa a ajin kwaleji, daga siziyam har turwaziyam, akan sami yaro ko yarinya da ke gama lissafi tun malami bai ajiye alli ba, sannan ya zauna zugum yana jiran ƴan'uwansa. Ana neman a san wanda ya kamata ya nemo irin waɗannan yara, da abin da za a ba su idan an same su.

Neman masu hazaƙa yana da ƙa'ida. A Amurka, wani malamin jami'ar Johns Hopkins mai suna Julian Stanley ya fara nazarin yara masu kan lissafi a 1971, ya kuma shirya gasar farko a 1972. Dabararsa ita ce a ba yaro mai shekara 12 ko 13 jarrabawar da ake yi wa masu neman shiga jami'a. Duk ɗan kasuwa zai gane dalili: sikelin da iyakarsa kilo 10 ba ya bambanta ƙunshin kilo 10 da buhun kilo 100. Haka jarrabawar aji take; wanda ya ci 20 bisa 20 da kyar da wanda ya ci ta yana hamma, maki ɗaya suke samu. A 1979 jami'ar ta kafa cibiya ta musamman, aka shiga tara yaran lokacin hutu ana ba su karatun mako 3 daidai ƙarfinsu.

Ƙasar Nijar ma ta san tankaɗe da rairayar ɗalibai tun zamanin mulkin mallaka. Faransawa sun riƙa tsamo ƴan ƙalilan suna aika su makarantar William Ponty a Senegal, don su sami malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti na biyan bukatar mulkinsu. Ta nan Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka bi. Ta nan kuma Abdu Mumuni Diofo ya bi, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya zama gwani a ilmin fiziya da aikin hasken rana, har aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Ƙofa ce ƙarama, an kuma yi ta don amfanin baƙo, amma ta nuna cewa basira ba ta zaɓar gari.

Misali mafi kusa yana Kano. A 1977 gwamnatin jahar ta buɗe makarantun kimiyya guda 2, a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi ƴan asalin jahar. Da jarrabawa aka riƙa zaɓo yara daga sauran makarantun sakandare, aka ba su kwana da abinci da ɗakunan gwaje-gwaje da malamai na gari. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa a Kano daga can suka fito. Abin lura shi ne, zaɓen ya zo tare da wurin kwana da tukunya, shi ya sa ɗan ƙauye ya iya cin moriyarsa.

A Nijar akwai makarantar soja ta Piritane da aka kafa a Yamai a 1996, wadda ke ɗaukar yara ajin siziyam ta hanyar gasa, akwai kuma lise na zaƙaƙurai da ke ɗaukar waɗanda suka yi fice bayan birbe. A takarda, ɗan Kiyeshe yana da dama daidai da ɗan Yamai. A aikace, sai ya ji labarin gasar kafin a rufe rajista, sai yana da takardar haihuwa, sai ubansa ya sami kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa, sannan ya kara da yaran da ake biya wa darasin yamma, masu jin faransanci tun a gida. Gasar da aka shirya haka tana auna aljihun uba kafin ta auna kan yaro.

Tun ma kafin nan an yi asarar da yawa. Tun daga shekarun 1990, yajin aiki da shekarun karatu da aka soke da karyewar darajar saifa a 1994 suka raunana makarantar gwamnati, daga baya aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi masu ɗan albashi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 masu gama firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba da ya kai matsayin da ake bukata a karatu. A 2019 adadin ya tashi zuwa wajen 3 cikin 10. Wanda ya tsallake wannan, in ƙauyensu ba kwaleji, sai ya zauna gidan mai masauki, yau da abinci gobe babu, har ya gaji ya bi sa'o'insa cin rani. Ita kuwa yarinya aure ke jiranta: binciken ƙasa na 2012 ya sami kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kuma dokar kare karatun ƴan mata ta Disamba 2017 ba ta dafa wa ɗaliba tuwon dare. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wani zai ce, makarantar da yawancin yaranta ba su iya karatu ba, da ajin zana, ina ita ina shagwaɓa ƴan ƙalilan? Magana ce mai nauyi, kuma bai halatta a ɗauki kuɗin benci ko na rufi a kashe wa yara 5 ba. Sai dai ɗan mai hali ba ya jiran kowa, ubansa ya riga ya kai shi makarantar kuɗi. Idan jama'a ba ta nemi mai hazaƙa ba, ɗan manomin gero da wake na Dallol Mawri shi kaɗai ke asara. Dokar tsarin ilmi ta 1 ga Yuni 1998 ta mai da ilmi haƙƙin kowane ɗan ƙasa, yaron da ya shekara a aji bai ƙaru da komai ba kuwa an tauye masa wannan haƙƙi.

Haɗari na biyu na siyasa ne. Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo ƴancin magana, amma shekarun jam'iyyu da suka biyo baya sun koya wa mutane rabon gurabe kamar rabon ganima. Duk jerin sunayen da ɗan wane zai iya shiga da ƴar takarda daga wani babba, gara ba a rubuta shi ba.

Abin da ƙasar Arewa za ta iya yi da ƙarfinta ba ya bukatar jiran Yamai. Malaman kwalejojin gundumomin Dogondutsi da Tibiri su fitar da yaran da suka yi fice a siziyam da sankiyam, kowane kwalejin ƙauye da rabonsa, ƴan mata da nasu. A ba su jarrabawar ajin da ke gaba da su, a rufe sunaye, malaman wani gari su duba takardun, a kuma yi wasu tambayoyin da Hausa don kada raunin faransanci ya ɓoye basira. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram. Waɗanda suka ci a tara su lokacin ƙananan hutu na rani, tun da babban hutu na damina ne, yara suna gona. A koya musu lissafi da kimiyya da rubutu, a sama musu takardun haihuwa, a raka su gasar ƙasa. A maimaita jarrabawar kowace shekara, domin wani yaron ba ya buɗewa da wuri, wanda bai ci bana ba kada a ce masa dolo.

Kuɗin abinci da mota da ladan malamai suna wuyan ƴan asalin ƙasa: ɗan kasuwa da buhun gero, ma'aikaci da wani abu cikin albashi. A sa asusun hannun ƙungiyar iyayen yara, a liƙa lissafinsa a ƙofar makaranta kowa ya gani. Wanda aka taimaka kuwa, idan ya kai jami'a, ya dawo hutu ya koyar da na baya, wannan shi ne biyan bashinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun kwaleji kuwa 4 ne kacal.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba malamai haƙuri, Ya kai kowa gida lafiya.