Sulallan da Suka Buɗe Rubutun Karoshti



A ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani sarki Bagirke mai suna Menanda ya mulki yankin da yau yake Afganistan da Pakistan. Ku ɗauki sulensa na azurfa, ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba. A fuska ɗaya ga kan sarki da rubutun Girkanci kewaye da shi: "Basileyos Soteros Menandru", wato "na Sarki Menanda mai ceto". Ku juya bayansa, ga magana iri ɗaya cikin harshen mutanen ƙasar, da rubutun Karoshti, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu.

Karoshti ya yi ɗaruruwan shekaru babu mai iya karanta shi. A shekarun 1830, Jems Firinsef, ma'aikacin gidan buga kuɗi na Kalkata, ya riƙa jera irin waɗannan sulalla, yana ɗaukar sunan sarki daga Girkanci yana nemo shi a baya, harafi bayan harafi, har rubutun ya buɗe. Aikin haƙuri ne ƙwarai, domin sule kan goge, wani lokaci ma rabin sunan ya fita daga gefe tun wajen bugawa.

Ni a ganina, masu irin wannan aiki sun cancanci girmamawa irin ta manyan marubuta tarihi. Da yawa daga sarakunan Girkawan wannan yanki babu littafin da ya ambace su. A jikin kuɗinsu kaɗai aka san sunayensu.