Jawabi bisa Shokola da Lafiyar Dattawanmu

Ƙungiya ta ce mu yi magana bisa tsarabar da ta yawaita garin Tama, watau gwangwanin garin shokola da ake kawo ma tsofaffi daga Abijan, ana cewa yana ƙara jini, yana maganin tansiyo. Mu duba inda gaskiya ta tsaya.

Da farko, kada suna shi ruɗe mu. Koko da muke nufi ba kokon gero ba ne, ɗiyan itace ne da Faransawa ke ce ma kakawo. Asalinshi Amurka ta Kudu. A 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya kawo irinshi Gana daga tsibirin Fernando Po. Yau Kwaddibuwa ce ta ɗaya wajen nomanshi, ita da Gana suna ba da fiye da rabin na duniya duka. Da yawa cikinku sun ga buhunanshi a tashar jirgin ruwa ta Abijan ko San Pedro. Kuma shi dangin goro ne, wanda kakanninmu sunka yi fataucinshi har Gwanja. Don haka yake da ɗaci, yake kuma ɗan hana kwana.

Amfaninshi cikin ɗacin nan yake. Akwai sinadarin da ake kira flabanol, mai sa hanyoyin jini su saki, jini shi wuce ba da wahala ba. Akwai kuma sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke bukata don yin jini. Amma da likitoci sunka auna, sun tarar raguwar tansiyo kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai rabin lamba guda ba bisa awon da ake muna gidan likita. Mai 16 ba ya komawa 12 don ya ci shokola. A Amurka an gwada mutum sama da 21,000 na tsawon shekaru, anka fitar da sakamako a 2022: mutuwa ta ciwon zuciya ta ragu cikin masu shan sinadarin, amma yawan kamuwa da ciwon bai sake sosai ba. Su ma ƙwaya sunka sha, ba alawa ba.

To, mi ke cikin gwangwanin tsaraba? Ku sa ɗan lakwal shi karanta muku bayanshi. Abin da anka fara rubutawa shi ya fi yawa, kuma sau da dama sukari ne ke gaba ko kusa da gaba. Shokola mai amfani shi ne baƙi mai ɗaci, wanda anka rubuta 70% ko fiye bisa takardarshi, shi ma ɗan ɓare guda ya isa, don mai gare shi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada shi wuce kamar giram 50 na sukari a wuni, wajen cokalin shayi 12. Mu lissafa na shayi da na kunu, mu ga ko akwai sauran wuri.

Abin da muke jin tsoro shi ne tsoho shi aje maganin da likita ya rubuta mishi don ɗanshi ya kawo gwangwani. Tansiyo ba ta sallama, sai dai a wayi gari hannu da ƙafa sun mutu. Mai ciwon sukari kuwa, wanga gari ƙara mishi ciwo yake.

Saboda haka ga roƙonmu. Ƴan bida, kuɗɗin gwangwani biyu, ku kai mahaifi ko mahaifiya awon jini nan Tama ko asibitin Buza, ku saya musu magani in an rubuta. Iyayenmu mata, a rage gishiri da dunƙulen miya. Wake, gujiya, zogale da kayan lambun Majiya suna hannunmu, kuma sun fi araha. Wanda ya samu baƙin shokola shi ci kaɗan don marmari, ba laifi.

Allah shi ba dattawanmu lafiya, shi maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.