Bitar da Ba Ta Jiran Alawus

Lacca ga malaman firamare da na ƙaramar sakandare a garin Miga

 

Da yawanmu a nan mun taɓa zuwa bita Dutse. Kwana uku ko biyar, a ba mu jaka da biro, a ci abinci, a sa hannu a karɓi alawus. Ban raina wannan ba, don na ƙaru a wasu daga cikinsu. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah: ranar Litinin da kuka koma aji, me ya canza? Ni dai na sha ajiye takardun a akwati in ci gaba da koyarwa yadda aka koyar da ni.

Ba a rasa ƙoƙari ba. Tun 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don malami ya ƙaro karatu yana bakin aikinsa. A 1993 aka yi dokar hukumar rajistar malamai, TRCN. Mu a Jigawa mun ga shirin ESSPIN daga 2008, sannan shirin TDP daga 2013, dukkansu da tallafin gwamnatin Birtaniya. Ga kwalejinmu ta Gumel, ga Jami'ar Sule Lamido nan kusa da mu a Kafin Hausa. Sai dai shirin 'yan tallafi wa'adi gare shi. In ya cika, motocin su daina zuwa, malami kuwa yana nan da yaransa. Kun kuma ji abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malamai 21,780 suka kasa cin jarrabawar da aka yi musu, aka sallame su. Har yau tambayar da ke cina ita ce: cikin shekarun da suka yi suna aiki, sau nawa wani ya zauna a bayan ajinsu don ya taimaka musu?

Abin da na zo da shi ke nan. Malami ba ya goguwa sai wani malamin ya gan shi yana koyarwa, shi ma ya ga wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alarammomi, duk haddarsu, suna zama musaffa, wannan ya ja wancan ya saurara, in an yi tuntuɓe a gyara nan take, ba wanda ke jin an ci masa fuska. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba sau ɗaya ta karantar da jajinta, wato matan da ke jagorantar karatu, ta sallame su ba. Suna zuwa wurinta, su koma ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru, su sake dawowa. A Japan ma fiye da shekara ɗari malamai ke yin irin wannan: su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su zuba ido a kan yara, sannan a zauna a tattauna.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na yi shekaru ina koyar da ɗebewa da aro, irin 32 a cire 17. Kullum in ce, “Biyu ba za ta iya ba, sai mu aro ɗaya.” Yara su amsa baki ɗaya, ni kuma in ɗauka sun gane. Wata rana na shiga ajin wata malama da na girme ta nesa ba kusa ba. Ta sa yara sun kawo tsinkayen kara, an ɗaure su goma-goma da zare. Ta ajiye ɗauri uku da tsinke biyu a gaban wata yarinya, ta ce ta ba ta goma sha bakwai. Yarinyar ta yi shiru, ta taɓa guda biyun, ta dubi malamar. Malamar ba ta ce uffan ba. Can sai yarinyar ta kai hannu ta kwance ɗauri ɗaya, ta ƙirga sha biyu. A nan na gane cewa “ɗayan” da na yi ta arowa goma ne, kuma ban taɓa nuna wa yarana haka ba. Minti ashirin na yi a ajin nan, kuma babu bitar da ta taɓa ba ni abin da na fito da shi.

Kowane fanni yana da irin nasa tsinkayen. Malamin kimiyya a Miga bai rasa ɗakin gwaji ba alhali ga fadama. Ya cika gwangwani uku, ɗaya yashi, ɗaya laka, ɗaya jigawa, ya huda ƙasansu ya zuba ruwa, yara su ga wanne ke riƙewa. Daga nan su da kansu za su gaya masa dalilin da ya sa shinkafa ke son wani wuri, gero ke son wani, da dalilin da ya sa ruwa ke kwanciya a gonakinsu in kogin Haɗeja ya tumbatsa. Malamin zamantakewa ya sa a zana taswirar gari a ƙasa kafin ta Najeriya.

Malamin Hausa kuwa, a kansa komai ya rataya. Yaron da ya kai aji huɗu bai bambance baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, ba zai karanta tambayar lissafi ba, balle Turanci. Shi ya sa nake roƙon malaman Turanci su riƙa shiga ajin Hausa na ɗaya da na biyu, su ga yadda ake haɗa baƙi da wasali. Mu ma 'yan boko mu je mu kalli malamin Arabiyya, mu ga yadda yake sauraron yaro ɗaya-ɗaya alhali saura na karatu.

Na san uzurorin, kuma na gaskiya ne. Aji ya cika maƙil, wata makarantar malamai uku ne kacal, da damina hanya ta yanke, ga gona tana jira. Akwai kuma kunya, domin mun saba cewa duk wanda ya shigo aji da littafi a hannu laifi ya zo nema. Saboda haka mai kallo kada ya ba da maki, kada ya kai rahoto ofis. Ya rubuta abin da yara suka yi kawai: wa ya gane, wa ya ɓace, a daidai ina ya ɓace.

Shugabannin makarantu, roƙona gare ku shi ne awa ɗaya duk ranar Alhamis bayan an tashi. Makarantun da malamansu ba su da yawa su haɗu uku-uku, a riƙa zagayawa. Darasin farko da za a kalla ya zama na hedimasta, don ƙananan malamai su saki jiki. Ranka ya daɗe Sakataren Ilimi, in za a sa wannan awa cikin jadawali a rubuce, da alli da kwali kaɗan, za mu iya farawa a makon farko na zango mai zuwa.